Taɓawa Biyu a Ƙugu

A rukunin Gash Zewdu ba a magana idan ana gudu. Tsohon kocin ya ce numfashin da za ka ɓata a kan surutu ka adana shi, za ka neme shi a kan tudu. Saboda haka hannu ne yake magana. Mutum ashirin za su shiga dajin turaren da ke saman garin Sululta da sassafe, a jere ɗaya bayan ɗaya, kowa idonsa a kan diddigen na gabansa. Na gaba shi ne mai shan iska, shi ne kuma idon kowa. In ya hango dutse ko rami ko kututture, sai ya ƙyasta yatsa, ƙyas, ya nuna ƙasa, na bayansa ya yi wa na bayansa, har ƙarshen layi. In kuma na biyu ya ga lokacinsa ya yi na karɓar gaba, sai ya taɓa ƙugun na farko ta hagu, sau biyu. Na farko ya matsa dama taku ɗaya, ya bar masa hanya ta ciki. Ba a tambaya, ba a waiwaye. Gash Zewdu ya ce rashin kunya ne mutum ya zo zai sauke maka kaya ka sa shi ya zagaye ka.

Shekara goma sha biyu Wakjira Hunde ya yi a cikin wannan layi, kuma babu wanda ya kai shi tsafta a aikin. Ko a kasuwa wani ya goge shi ta hagu, sai ka ga ya kauce kamar an tsikare shi. Matarsa Ayantu har wasa ta mayar da abin. In ya tsaya mata a bakin ƙofa, sai ta taɓa shi sau biyu, ta wuce da tiren gahawa tana dariya.

Sau huɗu ya sa rigar ƙasa a gudun mita dubu goma na gasar duniya, kuma sau huɗun nan shi ne jaki. A irin wannan gasa ba a hayar mai jan gudu, don haka cikin 'ya'yan ƙasa uku da aka tura sai a zaɓi ɗaya a yanka. Shi zai fita gaba ya yi ta ja, zagaye bayan zagaye, har ƙafafun 'yan Kenya su yi laushi, sannan a taɓa shi ya matsa, wani ya je ya ɗauko lamba. Shi kuwa ya ƙare na bakwai, na tara, na biyar, na shida. In an dawo gida, masu lamba a wuya su hau buɗaɗɗiyar mota da furanni, shi kuwa ya ja jakarsa ya fita ta ƙaramar ƙofa ya nemi tasi.

A ƙauyensu, can ƙasar Arsi, akwai wata ƙusa a bangon ɗakin mahaifinsa. Tsoho Hunde ya kafa ta da hannunsa ranar da aka fara kiran ɗansa tawagar ƙasa, ya ce nan za a rataye lambar. Har yau bulalar doki ce a rataye a jikinta. Tsohon kuma ba mai ɓoye abin da ke ransa ba ne. Duk zuwan Wakjira gida, sai ya bari an zauna an sa hannu a injera, gurasar ƙasarsu, sannan ya dubi bango ya ce, "Ni dai farin dokina da ya shekara uku bai ci sukuwa ba, buhun sha'ir na koma ɗora masa. Bai kuma yi fushi ba." Wakjira yakan sunkuyar da kai ya ci gaba da cin abincinsa. Abin da yake so a duniya bai fi wannan ba: ya cire bulalar nan ya rataya lamba, kowace iri ce, tsohon yana gani.

To bana, yana da shekara talatin da huɗu, gwiwarsa ta dama tana ƙara kamar tsohuwar ƙofa, sai ga shi ya zo na ɗaya a tseren zaɓe. Kowa ya san wannan ce tafiyarsa ta ƙarshe. Ana gobe tsere, Gash Zewdu ya tara su ukun da aka tura, Wakjira da Endale da Ashebir, a ɗakinsa na otal bayan cin rana.

"Gobe ranar Wakjira ce," in ji shi. "Endale, kai za ka ja har rabi. Ashebir, kai za ka karɓa har saura zagaye biyu. Daga nan ku mutu in kun ga dama, ba ruwana. Kai kuma Wakjira, ka lafe a baya ka yi shiru, kada in ga hancinka a gaba sai saura mita ɗari shida."

Ashebir Molla shekararsa ashirin da biyu, baki kamar zuma, ga gudun ƙarshe irin wanda ba a koyarwa. Shekara huɗu da suka wuce ya zo Sululta da takalmi ɗaya ya fi ɗaya girma, kuma Wakjira ne ya koya masa layi. Ranar da ya fara wuce mutum ba tare da ya taɓa shi ba, Wakjira ne ya ƙwale masa ƙeya.

"Yaya, ko Gashe bai faɗa ba ai ni jakinka ne," in ji Ashebir. "Sa min linzami kawai. Amma in ka samo lambar ka bar ni in ɗan lasa, in ji ko akwai gishiri."

"Fara koyon ɗaure igiyar takalmi tukuna," in ji Wakjira.

Aka yi dariya. Kuma ya yarda, wallahi ya yarda. Ƙaton mutum da furfura a gemu, wanda ya san Gash Zewdu ciki da waje, ya fita daga ɗakin nan yana jin daɗi kamar an yi masa sabuwar riga.

Aka yi tseren da yamma, rana ba ta gama faɗuwa ba, a wani birnin Turawa mai zafi kamar gidan burodi. Mutum ashirin da huɗu, zagaye ashirin da biyar. Endale ya cika aikinsa, Allah ya saka masa. Ya ja su har rabi, har idanunsa suka juye, sannan ya sulale baya kamar tsumma. Ashebir ya karɓa. Zagaye ɗaya, zagaye biyu. A na uku sai ya dafe haƙarƙari, ya yamutse fuska, ya buɗe hanya yana girgiza kai, wai ciwon gefe ya soke shi.

Nan gudu ya mutu. Waɗanda aka yar a baya suka fara dawowa, aka sake cunkushewa, gwiwar hannu tana dukan gwiwar hannu. Wannan kuwa shi ne ajalin Wakjira, don shi ba shi da gudun ƙarshe. In aka shiga zagayen ƙarshe da mutum goma, takwas za su wuce shi kamar yana tsaye. Ya jira zagaye ɗaya ko wani zai ja. Wa zai ja? 'Yan Kenya sai kallonsa suke ta wutsiyar ido, sun san wanda ya saba yi musu aiki. Saura zagaye tara, Wakjira ya fita gaba.

Kai, ranar nan mutumin ya yi gudu. Kowane zagaye sai ya ɗan ƙara wuta, ba da yawa ba, daidai yadda na baya zai ce bari in jure wannan ɗayan, ya jure, a na gaba ya fashe. Haka ya yi ta zubar da su ɗaya bayan ɗaya. Gwiwar tana ci masa wuta, bakinsa yana ɗanɗanon ƙarfe, bai sassauta ba. Da aka kaɗa ƙararrawar zagayen ƙarshe, mutum huɗu suka rage: shi, da wani gajeren ɗan Uganda mai faɗin ƙirji, da wani dogon ɗan Kenya, da Ashebir, wanda ciwon gefensa ya warke sarai.

Ɗan Uganda ya tashi tun daga ƙararrawa, ya tafi abinsa. Zinariya ta tafi, Wakjira bai ko bi ta da kallo ba. Suka shiga kwanar ƙarshe yana na biyu, manne da gefen ciki, ƙafarsa ta hagu kusan tana gogar ƙarfen bakin fili. Ɗan Kenya yana kafaɗarsa ta dama, yana huci kamar zugazugi. Ashebir kuwa yana bayansa a rufe ruf: gaba Wakjira, dama ɗan Kenya, hagu ƙarfe. Kafin ya ja baya ya zagaye mutum biyu, an gama tsere. Wakjira ya san wannan fiye da yadda ya san sunansa. Ko ɗan Kenya ya wuce shi in an miƙe, tagulla tasa ce. Abu ɗaya tak ake nema a wurinsa, kada ya matsa.

Ya ga ƙusar. Filin yana girgiza da ihun mutum dubu hamsin, shi kuwa ƙusar yake gani, da tsatsarta, da inuwar bulala a bango.

Sai ya ji yatsu a ƙugunsa na hagu. Sau biyu, a hankali, da ladabi, kamar kowace safiya a Sululta.

Ƙafarsa ta matsa. Kansa yana cewa a'a, ƙafar dama ta riga ta fita taku ɗaya, kyakkyawan taku mai tsafta irin wanda Gash Zewdu yake nuna wa sababbin zuwa. Kafaɗarsa ta daki ɗan Kenya, har ɗan Kenyan ya yi tangaɗi. Ta hagunsa koriyar rigar Ashebir ta wuce fuu. Ɗan Kenya ya ture shi da gwiwar hannu ya wuce ta dama. Wakjira ya bi su da duk abin da ya rage masa, yana gudu yana kuka a cikin maƙogwaro, ya jefa ƙirjinsa kan layi. Faɗin tafin hannu ne ya raba shi da ɗan Kenya. Allo ya nuna Ashebir na biyu, ɗan Kenya na uku, Wakjira na huɗu.

Yana durƙushe, goshinsa a ƙasa, sai ga Ashebir lulluɓe da tuta. Ya ɗaga shi, ya rungume shi, ya sumbaci goshinsa, masu ɗaukar hoto suka yi musu caa. A babban allon filin aka maimaita takun nan a hankali, har sau uku, mutane suka miƙe suna tafi.

"Yaya, yi murmushi," in ji Ashebir a kunnensa. "Duniya tana kallo."

"Ciwon gefen fa?"

"Ya warke. Addu'arka ce."

Da aka sa musu makirufo na gidan talabijin ɗin gida, Ashebir har da hawaye. Ya ce wannan lambar ba tasa ba ce, ta Yaya Wakjira ce, shi ya buɗe masa hanya da kansa, irin wannan zuciyar ba a sake haifarta ba. Ɗan jaridar ya juyo ya tambayi Wakjira me ya zo masa a rai a daidai lokacin. Wakjira ya buɗe baki zai faɗi gaskiya, sai ya ji kansa yana cewa, "Ƙasa ce gaba da kowa." Ashe bakin ma an hore shi.

Ya sami Gash Zewdu a lungun da ke ƙarƙashin filin, zaune a benci, yana ciro gasasshen sha'ir daga aljihu yana watsawa a baki.

"Gashe, ka ce ranata ce."

"Na ce."

"Yaron nan ya taɓa ni."

"Ni na ce ya taɓa ka." Tsohon bai ko daina tauna ba. "Jiya da kuka fita na kira shi ya dawo. Na ce ya ja zagaye biyu ya kwanta, don na san ba za ka iya ganin gudu ya mutu ka ƙyale ba. Na ce kuma in hanya ta rufe masa a kwana, ya ƙwanƙwasa."

"Tagulla tana hannuna, Gashe."

"Tagulla." Ya tofar da ɓawo. "Ko ka tsaya, dogon ɗan Kenyan nan zai cinye ka kuna miƙewa, na san ƙafarka fiye da yadda Ayantu ta san ta. In ka tsaya, na uku da na huɗu. In ka matsa, na biyu da na huɗu. Ni aka aiko in kawo abin da ya fi tsoka. Shekara goma sha biyu ina shafa wa ƙofar nan mai, sai ranar da nake buƙatarta in tsaya ina sallama?"

Wakjira ya juya yana kallon inda 'yan jarida suke.

"Ga 'yan jarida can, je ka gaya musu in kana so," in ji Gash Zewdu. "Yanzu dai kai gwarzo ne da ya sadaukar don ƙasa. Kana buɗe baki ka koma ƙaton da aka taɓa ya kauce. Zaɓi ɗaya." Ya miƙo masa sha'ir a tafin hannu. "Ci, ka yi aiki yau."

Wannan karon ba a bar shi ya fita ta ƙaramar ƙofa ba. Aka ɗora shi a buɗaɗɗiyar mota kusa da Ashebir, aka rataya masa furanni, mutane suna bin motar suna kiransa mai buɗe hanya. Wata tsohuwa ta kama hannunsa ta sumbata. Bai taɓa jin baƙin ciki irin na wannan rana ba, kuma dole ya yi ta ɗaga hannu har suka isa.

Bayan mako guda ya tafi Arsi. Yana shiga ɗakin mahaifinsa idonsa ya tafi bango. Bulalar tana kan gado. Inda ƙusar take, ɗan rami ne kawai.

"Mutanen gari sun ce kai ka ba shi hanya," in ji tsoho Hunde, ko gaisuwa bai gama amsawa ba. "Na ce ƙarya kuke, ɗana ba wawa ba ne, ƙwace masa aka yi. Sai suka nuna min a wayar malamin makaranta. Sau uku na kalla. To wanne ne?"

"Abba, abin ba haka yake ba."

"Yaya yake?"

Wakjira ya dubi ƙasa. In ya ce bayarwa ya yi, ya yi ƙarya. In ya ce taɓa shi aka yi ya kauce, gara ƙaryar.

"Ƙusar na cire," in ji tsohon. "Ƙofar garke ce ta ɓalle. Can tana da amfani."

Damina tana ƙarewa Wakjira ya koma layi kamar babu abin da ya faru. Ciyawa ta yi tsawo a dajin, furanni rawaya sun rufe ko'ina. Ashebir yanzu ba ya yarda ya bi ƙafar kowa sai tasa, wai ƙafar Yaya mai albarka ce, kuma a gaban mutane yake faɗa.

Ranar Talata Wakjira ya ga wani kututture a hanyarsu. Sabon sara ne, tsawonsa bai fi taƙi ɗaya ba, an sare shi a karkace ya yi tsini, ciyawa ta lulluɓe shi. Yana nan a ƙasan wani gangare, daidai bayan kwana, inda ake sakin ƙafa. Kwana biyu abin yana ransa, ko abinci ba ya jin ɗanɗanonsa. Ba kisa yake nufi ba. Idon sawu kawai yake so, ko gwiwa. Shekara ɗaya a kan sanda, yaron ya zauna a gida ya kalli wasu suna gudu a talabijin. Ba kuma sai ya yi komai ba. Zai dai kauce rabin taku a ƙurarren lokaci, ya bar hannunsa a rufe. Wa zai ce da gangan ne? Kowa ya san Wakjira ba ya kuskure, amma ai kowa ya san ya tsufa.

Ranar Alhamis ya karɓi gaba tun kafin gangaren. Yana jin numfashin Ashebir a wuyansa, kusa-kusa, yadda shi da kansa ya koya masa: ka manne, kada ka kalli hanya, kalli diddigena. Ya ƙara wuta. Layin ya miƙe a bayansa, ƙafa arba'in suna faɗuwa tare. Ya cusa babban yatsansa cikin sauran, ya dunƙule hannun har farce ya shiga nama. Zuciyarsa ta yi baƙi ƙirin, kuma daɗi yake ji, daɗin da rabonsa da shi tun ɗakin otal. Itace uku ya rage. Biyu. Ga kwana, ga ciyawar, ga ɗan tsinin yana leƙowa.

Ƙyas.

Ya dubi hannunsa. Ga shi nan a buɗe, yatsa yana nuna ƙasa, daidai kan kututturen. Ashebir ya ɗaga ƙafa ya tsallake ko kallo bai yi ba. Ƙarar ta bi layi, ƙyas, ƙyas, ƙyas, mutum bayan mutum, tana nisa, har ta ɓace a ƙarshen jeri.

Wakjira bai tsaya ba, don ba a tsayawa. Hawaye yana zuba, iska tana mayar masa da shi cikin kunne. Gangare ya ƙare, tudu ya fara. Can sama Gash Zewdu yana tsaye cikin bargonsa da agogo a hannu, yana gyaɗa kai.

Ana tsakiyar tudun ya ji yatsu a ƙugunsa na hagu, sau biyu. Ya matsa.